Gargaɗi Kan Masu Raba Manhajojin Kyauta da Ke Neman Cikakken Iko a Kwamfuta

Ina jan hankalin jama'a, musamman ɗalibai da masu shagunan buga takardu da masu gyaran kwamfuta, kan wata damfara da ta yaɗu a YouTube da Telegram da wasu shafukan intanet. Masu yin ta suna tallan cewa za su ba mutum Microsoft Office ko Photoshop kyauta, ko kuma wata 'yar manhaja da za ta buɗe masa Windows ba tare da ya sayi lasisi ba, galibi da sunan KMSPico.

Umarninsu kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Fayil ɗin yakan zo a dunƙule, an kulle shi da kalmar sirri mai sauƙi kamar 1234, kuma dalilin kullewar shi ne kada manhajar tsaro ta leƙa abin da ke ciki. Daga nan sai su ce a kashe Windows Defender, manhajar tsaron da ke zuwa tare da Windows, wai ƙararrawar banza yake kaɗawa, sannan a danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, a zaɓi "Run as administrator".

A nan ne ya kamata kowa ya dakata. Tun daga Windows Vista, wadda ta isa hannun jama'a a 2007, duk manhajar da ke son taɓa tushen kwamfuta sai ta nemi izini. Shi ya sa fuskar kwamfutar take dusashewa, wani akwati ya fito yana tambaya ko an yarda wannan manhaja ta yi sauye-sauye, tare da sunan kamfanin da ya yi ta, ko kuma a rubuta "Unknown" idan ba a tantance mai ita ba. Wanda ya danna "Yes" tamkar maigida ne da ya sallami maigadi, sannan ya miƙa wa baƙo makullan ɗakunan gidan baki ɗaya. Da wannan izini muguwar manhaja za ta iya hana Defender bincikar inda ta ɓuya, ta kuma tsara yadda za ta riƙa tashi duk lokacin da aka kunna kwamfutar. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne, wani lokaci Office ɗin yakan buɗe ya yi aiki lafiya lau, mutum ya yi ta godiya, alhali ana kwashe kalmomin sirrin da ya adana a Chrome, da na imel da Facebook, da bayanan asusun kirifto.

Wannan ba jita-jita ba ce. A watan Mayun 2025 kamfanin Microsoft ya sanar da cewa ya gano kwamfutoci fiye da 394,000 a duniya da manhajar satar bayanai mai suna Lumma ta shiga cikin wata biyu kacal, kuma manhajojin da aka sato ake rabawa kyauta suna cikin hanyoyin yaɗa ta. Akwai kuma STOP/Djvu, wadda ta daɗe tana bin wannan hanya: tana kulle hotuna da takardun mutum, ta bar saƙo a fayil mai suna _readme.txt tana neman kuɗin fansa, wanda a baya yakan kasance dala 980, ko dala 490 idan an biya cikin awa 72. Mai shagon da ke ajiye ayyukan ɗalibai da takardun kwastomomi zai iya wayar gari ya tarar ko ɗaya ba ya buɗuwa.

Ba kowace neman izini ce ke nufin cuta ba, domin manhajoji na gaskiya ma suna nema yayin girka su. Abin dubawa shi ne daga ina fayil ɗin ya fito, kuma wane suna ne a akwatin. Wanda ba shi da halin sayen lasisi yana da LibreOffice, wadda ke yin aiki irin na Office kuma kyauta ce ta halal, haka nan ana iya amfani da Word da Excel a intanet ba tare da biyan ko kwabo ba.

Wanda kuwa ya riga ya danna "Yes" ga irin wannan fayil, to ya cire kwamfutar daga intanet nan take. Ya sauya kalmomin sirrinsa ta wata na'ura daban, ya fara da na imel, ya fitar da duk na'urorin da ke cikin asusunsa, ya kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman wata lambar tabbatarwa bayan kalmar sirri, ya kuma sanar da bankinsa idan ya taɓa shigar da katinsa a kwamfutar. Bayan haka a goge ta a sake girka Windows daga shafin Microsoft, domin share fayil ɗin kaɗai ba ya fitar da abin da ya riga ya samu wurin zama.