Wace Bindiga Ta Dace da Farautar Elk a Tsaunukan Yammacin Amurka?

Dokar keɓe dazuzzuka da Amurka ta kafa a 1964 ta hana mota, babur, har da keke shiga wuraren da ta shata. Wanda ya nufi dajin Bob Marshall a jihar Montana, ko tsaunukan Kolorado da suka haura mita 3,000, da ƙafa zai shiga, da ƙafa zai fito, sai fa in yana da kuɗin hayar dawaki da alfadarai. Dabbar da aka fi bi ita ce elk, ƙatuwar barewa mai rassan ƙaho. Namijinta kan kai kilo 300, wato ya yi gwanki ko ya ɗara shi. In ka kayar da shi, akwai nama kusan kilo 100 da za ka yi ta ɗauko wa a baya, sawu bayan sawu. Bindigar kuwa mako guda za ka yi kana rataye da ita, ka zame da ita a kan duwatsu, dusar ƙanƙara ta jiƙa ta, kuma wataƙila sau ɗaya tak za ka harba. Saboda haka tambayoyin mai saye ba su wuce biyu ba: nawa ne nauyinta, kuma bayan duk wannan wahala, harsashin farko zai je inda aka saita shi?

Harsashi ake fara zaɓa

A wajena .30-06 Springfield ne. Tun 1906 yake, kuma har yau ba a kawo dalilin ajiye shi ba. Ƙwaya mai nauyin giren 180 (giren shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar harsashi) tana fita da gudun ƙafa 2,700 a daƙiƙa. In ka yi saiti a yadi 200, a yadi 100 za ta hau sama da kimanin inci 2, a yadi 300 ta faɗo inci 8 zuwa 9. Wurin huhu da zuciyar elk ya fi inci 12 faɗi, don haka har yadi 300 ba sai ka murɗa komai ba, ka ɗan ɗaga saiti kawai. Shurinsa a kafaɗa mutum mai matsakaicin jiki zai jure, bututu ba ya saurin cinyewa, sannan babban abin: in jakar harsasanka ta ɓace a filin jirgi, ƙaramin shagon da ke bakin titi a ƙauyen Idaho ko Wyoming zai yi wuya ya rasa shi.

6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, yana da daɗin harbi, shurinsa bai wuce kashi biyu cikin uku na .30-06 ba, kuma ya wadatar ga ƙananan bareyi. Doka ma ta yarda da shi, tunda a Kolorado abin da ake nema ga elk shi ne faɗin ƙwaya inci .24 da nauyin giren 85 zuwa sama. Amma in dabbar ta tsaya a karkace, ƙashin kafaɗa na gaba, ba ya barin sararin kuskure. .300 Winchester Magnum na 1963 ƙarfi gare shi, sai dai a bindiga mara nauyi yana koya wa mutum runtse ido da fizgar kunama. 7mm PRC na 2022 ba shi da laifi, tsada ce da wuyar samu a ƙauye. Mai .270 ko .308 a gida kada ya sayar, sun isa.

Ƙirar ƙwayar ta fi sunan harsashin muhimmanci. Nemi wadda ba ta tarwatsewa in ta gamu da ƙashi: Nosler Partition, wadda ake yi tun 1948, ko AccuBond, ko Barnes TTSX ta zallar jan ƙarfe. Ta jan ƙarfe tana son gudu, in ya sauka ƙasa da ƙafa 2,000 a daƙiƙa ba ta buɗewa sosai, don haka a .30-06 giren 165 ko 168 ya fi mata. Mai zuwa Kalifoniya ba shi da zaɓi, tun 2019 aka hana farauta da dalma a can.

Bindigar kanta

Tikka T3x Lite, ƙirar kamfanin Sako da ke garin Riihimäki a Finland. Nauyinta kusan kilo 3 ba madubi. In ka ɗora madubi da zobba da maratayi, ka zuba harsasai uku, za ta kai kilo 3.8 ko kusa da haka, kuma nan ne daidai: ba ta karya kafaɗa a hawa, ba ta kuma rawa a hannu lokacin da kake haki. Sakatarta tana zamewa sumul ko da ƙura ta shiga. Kunamarta ana daidaita ta da noti ɗaya tsakanin kilo 1 zuwa 2, kuma tana tsinkewa ba ja-in-ja. Ka bar ta wajen kilo 1.3, ƙasa da haka haɗari ne ga yatsan da sanyi ya kashe ko yake cikin safar hannu. Makullin tsaronta yana riƙe sakata, reshe ba zai buɗe maka ita a cikin sarƙaƙiya ba ka sani ba. Kamfanin ya yi alkawarin harbi uku cikin inci ɗaya a yadi 100, kuma yawancinsu suna cika alkawarin da harsashin kanti. Ɗauki ta farin ƙarfe mai ƙotar roba. Katako yana da kyan gani, amma yana shan laima ya kumbura ya taɓa bututu, saiti ya tafi.

Ba ta rasa aibu. Robar gindinta tana da tauri, da yawa suna canza ta da mai laushi. Gidan harsashinta na roba ne, kuma na biyu yana da tsada, amma saye shi, domin in ɗayan ya faɗi a dusar ƙanƙara sai bazara. Kuma sai ka cire tsaro kafin ka fitar da harsashin da ke ciki, saboda haka bakin bindiga ya kalli ƙasa kullum a lokacin.

Ruger American ta fi araha, tana harbi daidai, amma ƙotarta tana lanƙwasa. Savage 110 ma haka, sai nauyi da sakata mai kaushi. Bergara B-14 ta Sifen, saboda nauyinta, ta fi dacewa da mai doki. Browning X-Bolt ƙirar Japan ce mai kyau, kuɗinta ne ya ɗara aikinta. Remington 700 kuwa, kamfanin ya karye a 2020 ya sauya hannu, mai sayen tsohuwa sai ya binciki shekarar ƙira da batun kunamar da aka taɓa janyewa. Masu bututun kabon da ba su kai kilo 2.5 ba, ninkin kuɗi za ka biya don ka sayi bindigar da ta fi wuyar harbi.

Madubi, inda ake yin asara

Bindiga ba ta cika ba maharbi kunya ba. Madubin saiti da zobbansa su ne ke yi. Madubin da saitinsa ke gocewa in ya bugi dutse ba ya nuna alama: gilashi garau, gicciye a tsaye, sai ka harba ƙwaya ta wuce inci 10 gefe, ko mafi muni ta shiga cikin dabbar ta gudu da rauni. Don haka hasken gilashi da masu talla ke ta kururutawa shi ne na uku a lissafi. Na farko riƙe saiti, na biyu ma riƙe saiti.

Girman da ya isa shi ne 3-9x40 (wato ninki 3 zuwa 9, faɗin gilashin gaba milimita 40) ko 3-10x42. Mai ninki 25 nauyi ne kawai, kuma a cikin itatuwa in elk ya tashi a yadi 40 ba abin da za ka gani sai gashi. Nightforce SHV 3-10x42 ya kai giram 600, ya fi Leupold VX-3HD 3.5-10x40 da bai kai giram 400 ba, amma wannan ƙarin nauyin shi ne kaɗai ba na jin ciwon ɗauka. Leupold ya dace da wanda zai yi saiti sau ɗaya ya rufe marfi. Garantin har abada da kamfanoni irin su Vortex ke bayarwa gaskiya ne, suna gyarawa, amma garanti ba ya hawa dutse ya same ka.

Yanzu ga jabu, kuma a nan nake so a buɗe kunne. An cika intanet da madubai masu ɗauke da sunan Leupold, Trijicon, Vortex da Nightforce waɗanda ba su taɓa shiga masana'antar ba. Kwali iri ɗaya, takardar garanti, har zoben zinaren nan na Leupold. Kamfanin da kansa ya yi gargaɗi cewa a Beaverton ta jihar Oregon yake haɗa madubansa na bindiga, don haka duk sabon Leupold da aka ce za a aiko maka daga China jabu ne, ba sai an yi musu ba. Araha ba ta ado: madubin dala 1,000 da aka sa wa 250 ba sa'a ka yi ba. Karɓi lambar da ke jikinsa ka kira kamfanin kafin ka biya. Amma ka sani 'yan jabu suna kwafar lamba ta gaske su buga a kan ɗaruruwa, saboda haka lamba kaɗai ba hujja ba ce. Rasit daga dillalin da kamfanin ya amince da shi ya fi. In yana hannunka, murɗa marfin saiti ka saurara. Na gaske yana ƙas-ƙas daidai wa daida, na jabu yana laɓo-laɓo. Duba rubutun ko ya karkace, leƙa ciki ko akwai ƙura ko ɗigon gam. Sa shi a firji na awa ɗaya ka fito da shi: raɓa a waje ba komai, hazo a ciki kuwa ba iskar da aka cusa masa, kuma haka zai yi maka da asuba a kan dutse.

Zobba ma ana yin na jabu, da gorar ruwa mai laushi da notin da haƙoransa ke cinyewa a ɗauri na biyu. Haka ƙafafun jingina masu sunan Harris da Atlas. Sai shafukan bogi da suka yawaita tun ƙarancin harsashi na 2020 da 2021: komai akwai, komai da rangwame, amma biya sai ta kirifto, katin kyauta ko tura kuɗi kai tsaye. Wanda ya ƙi katin banki ya san dalilinsa. A Amurka bindigar da aka saya daga wata jiha sai ta bi ta hannun dillali mai lasisin tarayya, ka cike fom 4473, a bincike ka. Mai cewa zai kawo maka har ƙofar gida ba takarda, ko ɓarawo ne ko yana ja maka ɗauri. Mai sayar da tsohuwa a intanet, ce masa ya ɗauki hotonta da takarda mai sunanka da kwanan wata. Masu satar hoto a nan suke ɓacewa. Har jagororin farauta akwai na bogi, kuma wannan ya shafi mai zuwa Wyoming musamman, inda doka ta hana wanda ba mazaunin jihar ba farautar manyan dabbobi a keɓaɓɓun dazuzzuka ba jagora. Kowace daga Wyoming, Montana da Idaho tana da hukumar ba su lasisi. Duba sunansa a can kafin kafin-alƙalami ya bar hannunka.

Ɗaurawa da saiti

Sayi sukundireba mai auna ƙarfin ɗauri. Goge notuna da ramukansu da sinadarin cire maiƙo, domin man da suke zuwa da shi ne ke sa su kwance. Notunan gindi, ɗigo ɗaya na Loctite shuɗi, gam ɗin da ke riƙe noti. Jan Loctite ba ya kwantuwa sai da wuta. Tura kowane zobe gaba ya tokare kafin ka ɗaure, tunda can shuri zai kai shi. Notunan saman zobe inci-laba 15 zuwa 18, wato kusan Nm 2, sai in mai zoben ya faɗi wani adadi. A lura, inci-laba ne, ba ƙafa-laba ba, wanda ya ninka shi sau 12. Ɗauri fiye da kima yana matse bututun madubi ya hana kayan cikinsa motsi. Ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, tazarar gefe biyu ta zo daidai.

Kafin ɗaurin ƙarshe, sa rigar sanyin da za ka yi farauta da ita, kai madubi ƙarshen ninkinsa, ka kwanta kamar mai harbi sama. Tsakanin ido da madubi a samu inci 3.5 zuwa 4, in ba haka ba zai tsaga maka gira. Rataya igiya da dutse a nesa ka daidaita tsayuwar gicciye da ita.

Fara harbi a yadi 25, sannan 100. Yawancin madubai ƙas huɗu ne inci ɗaya da ɗan ɗoriya a yadi 100. Kada ka yarda da harbi uku. Yi goma, kana barin siririn bututun ya huce. Murɗa sama ƙas 40 ka harba, ya kamata ta hau inci 10 da rabi, ka dawo ka ga ko ta koma gurbinta. Sannan ka bar bindigar ta sha girgiza a bayan mota a kan hanya mara kwalta, ka sake gwadawa. Madubin da ya goce a nan, mayar da shi. Sauran atisaye a yi shi daga kan jakar baya, a zaune da a durƙushe, ba a kan tebur ba.

Sayi kwalin harsashi uku ko huɗu masu lambar ƙira ɗaya. Wanke man da ke cikin sakata, domin a tsananin sanyi yana daskarewa ya rage wa allura ƙarfi, ka ja kunama ka ji shiru. Bayan wanke bututu harba biyu ko uku ka bar shi haka, tunda bututu mai tsabta yakan jefa ƙwayar farko wani wuri. Liƙe bakin da salatif ɗin masu lantarki saboda laka da ƙanƙara. Iskar da ke gaban ƙwaya za ta fasa shi. Da ka isa sansani kuma sake harbi a takarda, domin iskar sama ba ta da kauri, ƙwaya ba ta faɗuwa kamar yadda ta yi a gida, sanyi kuma yana rage wa albarushi gudu. Rubuta faɗuwar yadi 300 da 400 da ka gani a can, ka manna a jikin ƙota.