Saƙon kyamara daga Tokyo

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kowa lafiya, a gaishe min da Inna da mutanen Tudun Wada.

Maganar ƙaramar kyamara da ka ce in duba maka saboda Hawan Daushe, na zaga kasuwa. Kada ka ɗauka don Japan ce gidan Canon da Nikon da Sony shi ke nan a ɓagas ake samu. Wayar hannu ta kashe kasuwar ƙananan kyamarori, Casio ma ta daina yin su tun 2018. Sabbi ba su da yawa a kanti, tsofaffin kuma samari da 'yan mata sun dawo suna rububinsu, wai hotonsu ya fi na waya armashi. Sai kuɗi ya tashi.

Wajen sayar da na hannu kam sun burge ni. A shagunan Akihabara da Shinjuku kowace kyamara da takardarta: wannan ba tabo, wannan akwai ƙura cikin gilashi, wannan batirinta ya gaji. Wadda ba su da tabbas a kanta sai su zuba a kwando daban, su rubuta cewa in ka saya babu dawowa. Ba tayi, ba "albarka", ba rantsuwa. Mu da muka saba a Sabon Gari sai an kunna an gwada, an kira wani ya sake gwadawa, abin banbarakwai yake zuwa mana.

A gyara kuwa, gida ta fi su nesa ba kusa ba. A nan karɓa za a yi a aika kamfani, ka yi ta jira, kuɗin aikin kuma ya kusa kamo na wata ta hannu. In ta tsufa a ce kayanta sun ƙare. Yaron da ke gyaran waya a PZ ta Zariya zai kwance ta a gabanka, ya ciro abin da ya lalace daga wata matacciya, kafin la'asar ka tafi da abarka.

Na fasa ɗaukar Sony, domin waɗanda ake sayarwa don cikin Japan da Japananci kawai suke magana, ba Turanci. Canon na saya, an rubuta IXY a jikinta, ita ce ake kira IXUS a Turai. Garantinta a nan kaɗai yake aiki. Cajarta tana ɗaukar wuta daga 100 zuwa 240, ba za ta ƙone ba, sai dai bakinta ƙafa biyu ne masu faɗi, ka nemi adafta.

Abin da ya fi damuna ƙurar Zariya ce. Irin wannan kyamarar bakinta mai gilashi fitowa yake yana komawa, kuma ƙwayar yashi guda ta isa ta maƙale shi. Ranar hawa, dawaki na tayar da ƙura, kada ka bar ta a kunne tana lilo a wuya, kada kuma ka jefa ta aljihun riga tare da goro da makulli. In bakin ya ƙi komawa, don Allah kada a danna da yatsa, haƙoran da ke juya shi roba ne. A cire batir, a hura gefe-gefen da 'yar robar hura iska da na haɗo, a mayar a kunna. Gilashin ma sai an hure shi kafin a goge, ba da bakin riga ba. Da damina kuma a sa ta a mazubi mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, saboda fumfuna.

Katin ajiyar hoto na sa guda biyu. Duk sanda ka kwashe hotuna zuwa kwamfuta, a cikin kyamarar za ka share katin gaba ɗaya. Wanda zai kawo ta zai riƙe batiran a jakar hannu, domin ba a yarda a sa su cikin akwatin da ke shiga ƙasan jirgi ba. Idan ya sauka Kano zai kira ka.