Sashen ƙodar da ya gano ciwon ƙanena

Daga ƙauyenmu da ke kusa da Ringim muka ɗauko ƙanena zuwa wani asibiti a Kano, bayan ya yi sati uku yana tari da jini. A gida kowa ya ɗauka tarin fuka ne. An gwada kakinsa sau biyu, ba a ga komai ba. Sai fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, ƙafafu suka kumbura har silifas ya ƙi shiga.

Likitar sashen ƙoda ce ta fara tambayar sana'arsa, kuma a nan na san mun zo hannun da ya dace. Fetur yake sayarwa a galan a bakin titi, da baki yake zuƙo shi ta tiyo, ga shan taba. Ta ajiye biro ta dube ni ta ce, "Malam, ina zargin garkuwar jikinsa ce take yaƙarsa." A bayan kati ta zana mini wani siririn tantani da ke matatar ƙoda, ta ce irinsa yana cikin huhu, shi ya sa ciwon ya kama wuri biyu lokaci guda. Sunan ciwon cutar Goodpasture, daga sunan likitan Amurka da ya fara bayyana ta a 1919. Hayaƙin taba da tururin fetur suna cikin abubuwan da ke tayar da ita. Da Hausa ta yi duk wannan bayani, ba gaggawa, Allah ya saka mata da alheri.

An yi hoton ƙirji, an ɗebi jini, an ciro ɗan ƙwayar tsokar ƙoda da allura. Ba su zauna jiran sakamako ba, suka fara ba shi prednisolone, maganin da ke danne garkuwar jiki. Da abin ya tabbata aka ƙara cyclophosphamide, shi ma mai danne garkuwar jiki ne, aka kuma riƙa tace ruwan jininsa da na'ura kusan kullum har sati biyu.

Inda raina ya sosu shi ne wajen biyan kuɗi. Layi uku sai ka bi kafin a ba ka rasit ɗaya, mara lafiya yana can yana jira. Masu jinya kuma a baranda muke kwana kan tabarma, sauro ba a magana. Shanun huɗarmu biyu sun tafi a wannan jinya.

Tarin jinin ya tsaya. Ƙodar ce ba ta farfaɗo ba, don mun makara, yanzu sau biyu a sati nake kai shi wankin ƙoda. Jiya a mota ya ce, "Yaya, galan-galan ɗin nan a sayar da su."