Daren da muka ci tapas a unguwar Ruzafa ta Balensiya

A watan Yunin da ya wuce na je Sifaniya duba ƙanena da iyalinsa a birnin Balensiya. Kwana huɗu matarsa tana yi mini tuwo da miyar kuka kamar ban bar gida ba. A rana ta biyar sai ya ce, "Yaya, ba za ka koma ba ka ɗanɗana abincin mutanen nan ba. Yau tapas za mu ci." Ya kama mana tebur a wani gidan abinci da ke unguwar Ruzafa, ya ce ƙarfe goma na dare za mu je. A wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa a can sai wajen tara da rabi, su kuma mutanen ƙasar ba su cika zaman cin abincin dare kafin tara ba. Muka yi Magariba a gida, muka taka da ƙafa mu uku, ni da shi da matarsa, muka tarar da wurin maƙil, har da ƙananan yara a kan cinyar iyayensu.

Sunan unguwar ma daga Larabci ya fito, tun zamanin da birnin yake hannun Musulmin Andalus, kafin ya fita daga hannunsu a 1238. Yanzu unguwa ce ta gidajen abinci, kusan kowace kwana tebura ne a bakin titi.

Kalmar tapa a harshensu marfi take nufi. Labarin da aka fi bayarwa shi ne a da ana ɗora yankan burodi a bakin kofi don kada ƙuda ya faɗa, daga nan abin ya zama ɗan abin taɓawa da ake kawowa tare da abin sha. A birnin Garnaɗa da ke kudancin Sifaniya har yanzu kyauta ake ba da shi idan ka sayi abin sha, a Balensiya kuwa saye ake yi. Takardar jerin abincin da aka miƙo mana ta nuna farashi biyu a gaban yawancin abinci: cikakken faranti da rabi. Ƙanena ya ce mu riƙa karɓar rabi rabi don mu ɗanɗana da yawa, kuma shawarar ta yi.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne yadda ake cin. Ba a ajiye wa kowa nasa. Tsakiyar tebur ake dire faranti, kowa ya miƙa hannu, kafin ya ƙare wani ya iso. Ni da na tashi ana haɗa mu da 'yan'uwana a kwano ɗaya, ban ji baƙunta ba ko kaɗan. Hira ta fi daɗi idan hannu yana haɗuwa a akushi guda, kuma da alama mutanen nan sun san haka.

Amma dole in faɗi abin da idona ya fara gani da muka shiga, don mai karatu ya san inda zai sa ƙafa. A saman kanta cinyoyin alade ne busassu a rataye, wanda suke kira jamón, kuma kusan kowane tebur akwai giya. Na san mutane da yawa da ba za su zauna a irin wannan wuri ba, kuma ina ganin girman matsayinsu. Mu dai mun roƙa aka ba mu tebur a waje, nesa da kantar. Ƙanena ya gaya wa mai hidimar cewa mu Musulmi ne: ba alade, ba jamón, ba giya ko a cikin girki. Ya ce mini sai an ambaci jamón da sunansa, domin wasu idan ka ce ba ka cin nama ba sa lissafa shi a ciki, kamar kayan ƙamshi suka ɗauke shi.

A nan ne gidan ya sami yabona. Matashin da ya yi mana hidima bai nuna gajiya ba. Ya ɗauki biro ya bi jerin abincin layi layi yana sa alama. Da muka nuna sha'awar croquetas na kifi, wasu 'yan curi-curi da ake soyawa, ya ce mu dakata, ya shiga kicin ya dawo ya ce a mai ɗaya ake soya su da na alade. Ba mu tambaye shi wannan ba, shi ya kawo maganar, alhali ciniki zai rasa. Haka kuma ya hana matar ƙanena karɓar wani abin sha mai suna agua de Valencia. Sunan yana nufin ruwan Balensiya, ka ɗauka lemo ne, alhali ruwan lemo ne da aka haɗa da giya iri-iri. Ya kawo mana mosto a madadinsa, wato ruwan inabi zalla da bai tsima ba. Naman kaza da na sa muka bar su tun da ba mu san yankan ba, muka tsaya a kan kayan teku da kayan lambu.

Farantin farko esgarraet ne, abincin Balensiya na asali. Jan tattasai ne aka gasa, aka ɓare fatar, aka yayyaga shi da hannu, aka haɗa da zare-zaren kifin da aka adana da gishiri, da tafarnuwa, aka malala man zaitun. Kifin ɗan'uwan busasshen kifin Nowe ne da ake sayarwa a kasuwanninmu, sai dai wannan da gishiri aka riƙe shi. Da sanyinsa ake ci, da burodi. Zaƙin tattasan da gishirin kifin sun dace da juna ƙwarai, man zaitun ɗin kuma yana da wani ɗan kaifi a maƙogwaro wanda ban taɓa ji a wanda nake saya a kwalba a gida ba. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya a daren, wannan zan ɗauka.

Sai jatan lande da tafarnuwa, gambas al ajillo, ya iso a ƙaramin kaskon ƙasa yana tafarfasa. Jatan landen ya nuna daidai, bai yi tauri ba. Man da ya rage a kaskon, wanda ya sha tafarnuwa da busasshen barkono, shi muka yi ta dangwala da burodi har kasko ya fita tas.

Clóchinas kuwa sa'a muka yi, domin daga Mayu zuwa Agusta kawai ake samun su. Halittar teku ce mai baƙin ɓawo biyu, kamar ƙumbar da ake tsinta a bakin kogi, a ruwan tashar jiragen birnin ake kiwonta. Mai hidimar ya ce kukunsu yakan zuba farar giya a ciki, amma zai sa a dafa mana namu da lemon tsami da tafarnuwa kawai. Na yi ɗari-ɗari da farko, ƙanena ya tuna mini cewa a Malikiyya abin da ya fito daga teku halal ne. Naman ƙarami ne, mai laushi, da ɗanɗanon ruwan teku. Wanda bai saba da ƙarnin teku ba ya fara da guda ɗaya tukuna.

Wainar ƙwai da dankalin turawa, tortilla, ta yi kauri kamar tafin hannu biyu a haɗe, da albasa a ciki. Tsakiyarta ba ta gama daskarewa ba, haka suke so. Matar ƙanena ba ta iya ci ba, ni na ci gefe-gefen. Wanda yake son ƙwansa ya soyu sosai irin na mai shayi ya faɗa tun wajen oda. Patatas bravas, dankali soyayye da jan miya a kai, an ce mai yaji ne, amma ga harshen da ya saba da attarugu babu wani yaji a ciki. Dankali ne mai kyau, shi ke nan. Ƙananan korayen barkonon Padrón da aka soya aka barbaɗa gishiri sun fi shi armashi. Suna da karin magana a kansu cewa wasu da yaji wasu babu, kuma a farantinmu biyu ne kacal suka yi zafi.

Wanda ya ba ni mamaki shi ne gautan turawa da aka yanka siri-siri, aka soya ya yi ƙaras, aka zuba masa abin da suke kira zumar rake. Ruwan rake ne aka dafa har ya yi baƙi ya yi kauri, ɗanɗanonsa sak mazarƙwaila idan ta narke. Abincin kudancin ƙasar ne, yankin Andalus. Ƙanena ya ce in lura da sunayen kayan da ke gabanmu: mai aceite, zaitun aceituna, shinkafa arroz, sukari azúcar, duk daga Larabci, kamar yadda muka samo zaitun da sukari a Hausa.

Yanzu ga inda aka kuskure. Mun karɓi salmorejo, wata miyar tumatir mai kauri da ake sha da sanyi, asalinta daga birnin Ƙurɗuba da ke kudancin ƙasar. A al'ada ana barbaɗa mata dafaffen ƙwai da ɓarɓashin jamón a sama. An rubuta a odarmu cewa ban da shi, amma wani ma'aikaci daban ya kawo ta da jajayen ɓarɓashin nan a kai. Hasken waje ba shi da ƙarfi, da matar ƙanena ba ta kunna fitilar waya ta duba ba, da mun sa cokali. Raina ya ɓaci, domin wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Mai hidimarmu ya zo da sauri ya ba da haƙuri, ya ɗauke, ya kawo wata sabuwa a wani kwano daban, ya tabbatar mana ba kwashe na saman aka yi ba, kuma ba a sa ta a lissafi ba. Na karɓi uzurin, amma daga nan kowane faranti sai da muka haska shi kafin mu taɓa.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Hayaniya ta yi yawa, ga masu shan taba a teburan waje. An sa mana kuɗin burodi ba tare da an faɗa mana ba, kuma tsakanin faranti na huɗu da na biyar mun jira kusan rabin awa. Lissafinmu mu uku ya tashi yuro 81, faranti bakwai da abin sha. Ba araha ba ne, musamman ga mai auna shi da naira ko sefa, amma mun ƙoshi, kuma ban ga wani abu a faranti da ya kwana ba. Zan koma, zan kuma iya kai baƙo, da sharaɗin akwai mai jin Sifaniyanci a cikinmu. Wanda ba ya jin harshen, ya sa a rubuta masa abin da ba ya ci a takarda ya miƙa, kuma duk da haka ya duba farantinsa.

Ba mu ci kayan zaƙi a gidan ba. Ƙanena ya ce akwai abin da yake so in gani, ya ja mu wani shagon kayan sanyi da bai rufe ba, ya sayo kofi uku na wani farin abin sha da suke kira horchata. Kurɓar farko na ce, "Ai wannan kunun aya ne!" Shi ne kuwa. Suna noman aya a gonakin Alboraya da ke arewa da birnin, kuma suna shigo da wata daga Afirka ta Yamma, har da ta Nijar, inda yankin Maraɗi ya shahara da nomanta. Nasu aya ce da ruwa da sukari kawai, ba dabino, ba kwakwa, ba citta, kuma da sanyi ƙarara. Sukarin ya yi mini yawa a kofin farko, sai na sa aka kawo mini na biyu marar sukari, a nan ne ɗanɗanon ayar ya fito sosai. Muka sha a tsaye a bakin titi, sannan muka kama hanyar gida don mu yi Isha'i.