Tiyatar jijiyar gwiwa: tsakanin rahoton asibiti da binciken ƙuri'a

Malam, ka ce ƙaninka ya tsinke jijiyar cikin gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, wajen ƙwallo a Pantami da ke Gombe, kuma ka ci karo da rubutu biyu masu karo da juna: na wani asibiti da ke cewa kusan duk waɗanda ya yi wa tiyata sun koma fili, da binciken Sweden da ke cewa ba lallai a yi gaggawar tiyata ba. Allah ya ba shi lafiya. Rubuce-rubucen nan biyu nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Rahoton asibitin labarin majinyatansa ne kawai. Likita ne ya zaɓi wanda zai yi wa aiki, babu rukunin da aka bari ba tiyata domin a auna, kuma wanda gwiwarsa ta ƙi daɗi sau da yawa ba ya komawa balle a ƙirga shi.

Binciken Sweden kuwa, wanda aka buga a 2010, ƙuri'a ce ta raba matasa 121 gida biyu, wasu aka yi musu tiyata da wuri tare da gashi (wato atisayen ƙarfafa gwiwa a hannun ƙwararre), wasu aka fara da gashi kaɗai, sai gwiwa ta ƙi tsayawa a yi aikin. Bayan shekara 2, har zuwa shekara 5, ba a ga bambanci na a zo a gani ba. Wannan ya fi ƙarfin hujja nesa ba kusa ba, domin ƙuri'a ba ta san wanda likita ke so ba. Amma masu yaɗa shi kan ɓoye cewa kusan rabin rukuni na biyu sun ƙare da tiyatar, kuma wani gwajin ƙuri'a a Ingila a 2022, kan mutane 316 da gwiwarsu ta daɗe tana gocewa, ya nuna tiyata ta fi musu.

A ganina, abin da ya fi shafar ƙaninka shi ne gashin. 'Yan Sweden ɗin sun samu ƙwararren mai gashi yana bibiyarsu wata da watanni; saurayin da zai riƙa hawo mota daga Kumo ko Dukku zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, idan kuɗin mota ya yanke, cinyarsa za ta tsotse ko da aikin ya yi kyau. Ƙuruciya ma haɗari ce, domin 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa sun fi sake tsinkewa, musamman masu komawa kafin wata 9.

Ku tambayi likitan ƙashi ko hoton MRI ya nuna guringuntsin gwiwar ya yage, kuma ƙanin naka ya faɗa masa gaskiya idan ƙafar tana goce masa wajen juyawa ko saukowa daga babur.