Makarantar koyon tuƙi da ke ɗaukar dokar gudu da muhimmanci

Na kai ƙanena wata makarantar koyon tuƙi a cikin garin Sakkwato, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda malamin ya ƙi barinsa ya taɓa sitiyari sai da ya haddace iyakar gudu: kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya ga ƙaramar mota, 100 a tagwayen hanya. Ya kuma bayyana masa cewa dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta tanadi tarar naira 3,000 da makin laifi 3 a kan lasisi ga wanda ya wuce ƙa'ida.

Ranar da na bi su hanyar Boɗinga, allurar da ke nuna gudun mota ta ɗan haura, nan take malamin ya ɗora yatsa a kanta ya ce, "Ɗana, sassauta, akwai garken awaki a gaba." Hankalina ya kwanta ƙwarai.

Matsalarsu biyu ce, motar koyon ta tsufa, kuma ɗalibai sukan daɗe a rana suna jiran layi. Duk da haka, can zan kai ƙanwata bayan Sallah.