Gejin zafin baƙin mai da na sa wa Corolla: shi ya tsayar da ni a hanyar Potiskum, kuma daga wajensa ɗigon ya fito

Wata huɗu ke nan da na sa wa motata gejin auna zafin baƙin mai. Da a satin farko na rubuta wannan sharhin, da yabo zalla za ku karanta. Corolla ce ƙirar 2005 mai inji 1.8, wadda duk wanda ya riƙe ta ya san halinta na shan mai idan ta fara tsufa. Ina zaune a Kano, iyayena suna Potiskum, kusan duk bayan sati biyu ina kan hanya. Wanda ya saba bin hanyar nan a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da inji ke sha daga Wudil zuwa Azare da esi a kunne.

Abin da ya tura ni saye shi ne injin wani abokin aikina da ya buga bara, allurar zafi tana tsaye a tsakiya ko gezau. A nan na gane cewa allurar da ke gaban direba zafin ruwa kawai take faɗa. Baƙin mai da nasa zafin daban, kuma shi ne idan ya wuce misali yake tsinkewa ya koma kamar ruwa, ya kasa riƙe ƙarafan da ke gugar juna.

A kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano na saya, irin mai allurar nan zagayayye. Cikin kwalin akwai gejin, da sansa mai jin zafin man, da wayoyi. Sai na ƙara kuɗi na karɓi wani farantin alminiyam da ake sawa tsakanin filtar mai da jikin inji, a jikinsa ake murɗa sansar. Mai shagon ya zazzage mini notinan tsakiya masu danne farantin a jikin inji guda huɗu a tafin hannu, ya ce, "Alhaji, wannan kowace mota yana shiga. Toyota ga nata, Honda ga nata." Gaskiya ya faɗa a nan, na Toyota ya hau daidai.

Ranar ɗaurawa an ɗan sha fama. Bakanikena ya naɗe haƙoran sansar da farin tef ɗin masu famfo har ya yi kauri, aka tayar da mota ta yi zafi, allura ba ta motsa ba. Mai wayarin ne ya gano matsalar: sansar mai waya ɗaya ce, ta jikin haƙoranta take haɗuwa da ƙarfen inji, tef ɗin kuwa ya raba su. Aka kwance, aka rage tef, allura ta tashi.

Daga nan na shiga jin daɗi. Abu na farko da gejin ya koya mini shi ne safiya. Allurar ruwa takan kai tsakiya cikin 'yan mintuna, ni kuma a da ina ganin haka sai in taka wuta. Ashe a lokacin man bai ko kai digiri 60 ba. Sai na yi tafiyar kusan kwata na awa kafin ya kama 90. A cikin gari yana zama tsakanin 90 da 95, a babban titi da esi ya hau 100 zuwa 105 ya tsaya. Na riƙa nuna wa mutane a wurin aiki kamar sabon ango.

To, ga abin da ya faru ranar da ba zan manta ba. Ana gobe za mu tafi gida, bakanikena ya yi tafiya, sai na tsaya a wani wurin juye na bakin titi, wani yaro ya sauke tsohon mai, ya canza filta, ya zuba sabo. Na duba sandar awo, mai ya cika. Washegari muka kama hanya ni da maman yara da yara uku. Har Azare komai lafiya, allura tana kan 105. Mun wuce gari kaɗan sai na ga ta ɗan gota, 110. Na ce rana ce. Can sai 115. Na kashe esi, na sauke gilas, na dawo da gudu 80, yara suka fara ƙorafin zafi. Ka'ida ita ce idan ka sassauta wa inji, zafin mai ya sauko. Wannan bai sauko ba, hawa yake yi a hankali kamar ana tura shi da yatsa, har ya taɓa 125. Na kalli allurar ruwa, tana tsakiya kamar an dasa ta. Jar fitilar mai ba ta kawo ba. Gabana ya faɗi, na gangara gindin wata bishiya na kashe mota.

Ina buɗe ƙofa ƙaurin mai ya buge ni. Na jira ya ɗan kwanta, na zaro sandar awo, na goge, na mayar, na sake zarowa: bakinta kawai ya jiƙe, ko alamar ƙasa ta jikin sandar bai kai ba. Injin nan duka-duka man da yake ɗauka bai cika lita 4 ba. Na durƙusa na leƙa ƙasa, mai ya yi feshi tun daga gaban inji, iska ta kwashe shi ta shafe ƙasan motar har kan salansa, yana ta hayaƙi. Jar fitilar nan ba ta kawowa sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa warwas, kuma sau da yawa kafin nan ɓarna ta riga ta faru. Na miƙe na ce wa maman yara, "Kin ga abin nan da kika ce ɓarnar kuɗi ne? Yau ya biya kuɗinsa sau goma." Ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya tsare gaba." A wannan lokacin da mai shagon yana kusa da na rungume shi.

Wani mai babur ya taimaka ya ɗauko mini bakanike daga garin da ke gaba, tare da lita 2 na mai. Dattijo ne, ya shimfiɗa kwali ya kwanta, ya miƙa hannu da tsumma ya kama filta. Ina tsugune ina kallo, ya murɗa kaɗan, sai filtar da farantin suka juya tare. Ya fito da kai ya ce, "Alhaji, wa ya ɗaura maka wannan abin?" Na gaya masa. Ya ce lokacin da yaron juye ya kwance tsohuwar filta, notin tsakiyar da ke danne farantin ya biyo ta ya saki, shi kuma yaron bai san da shi ba, ya murɗa sabuwa ya tafi. Da ya cire farantin ya miƙo mini robar zoben da ke bayansa. Ta baje, ta bushe, na lanƙwasa ta sai ta tsage a hannuna. Wata uku kacal.

Nan murnata ta koma ciki. Wato kafin in sa wannan faranti, shekara shida ina juye a motar nan, ko ɗigo ɗaya ba ta taɓa yi ta wajen filta ba. Abin da na saya don ya tsare mini inji shi ya buɗe ƙofar da man ya bi ya zube, da iyalina a ciki, a tsakar daji da tsakar rana. Saura ƙiris garin neman gira in rasa ido. Yaron juye yana da nasa laifin, ban wanke shi ba. Amma wanda ya ƙera abin da zai zauna cikin mai mai zafin sama da digiri 100 ya sa masa roba irin wannan, shi ne babban mai laifi a wurina. Kuma ko takarda babu a ledar farantin da za ta ce a ɗaure notin da kyau, ko a riƙa duba shi duk juye.

Tun da raina ya ɓaci sai sauran abubuwan da na yi ta haƙuri da su suka dawo mini. Gam ɗin da ke riƙe mazaunin gejin a kan dashbod tun sati na biyu rana ta narkar da shi, sau uku gejin yana faɗowa kan ƙafata ina tuƙi, sai da na sa aka ɗaure shi da sukuru. Shuɗiyar fitilarsa da dare tana dukan gilashin gaba tana kashe ido, ba kuma wurin rage ta. Wayar sansar gajeruwa ce, sai da aka yi ƙari. Na koma wurin mai shagon da tsagaggiyar robar a aljihu, ya juya ta a hannu ya ce, "Alhaji, ai ka san kayan yanzu, sai haƙuri." Ko tayin wata robar bai yi mini ba. Wannan ta fi komai ƙona mini rai, don ba kuɗi na je nema ba, so nake ya daina cewa mutane abin ba shi da matsala.

Na so in cire komai in huta. Bakanikena da ya dawo ya ce a mayar da sansar kan notin juye na kaskon mai, a rabu da farantin. Na ƙi, don waya za ta riƙa lilo a ƙasan mota, ga tudun rage gudu ga ramukan hanyarmu, kuma duk juye sai an cire ta. Muka tsaya a kan farantin. Ya samo roba mai kauri wadda ke jure zafi, ya ɗiga gam ɗin noti a haƙoran, ya ɗaure da sifana sosai. Shi gejin kansa ba ni da ta cewa a kansa, bai taɓa yi mini ƙarya ba, kuma duk mai doguwar tafiya a zafin nan zan ce ya sa. Amma robar da ta zo da farantin, a jefar da ita tun ranar farko. Yanzu ba wanda ke taɓa filtar motata sai ina tsaye, ni da kaina nake shiga rami in kama farantin in girgiza.

Satin da ya wuce na sake bin hanyar. Allura tana kan 104 tun daga Wudil ba ta gota ba, duk da haka da na wuce Azare na hango bishiyar nan sai na gangara na tsaya, na buɗe bonet na zaro sandar awo. Mai yana nan a cike.